Red Auerbach: Gwanin gano zakarun ƙwallon kwando tun suna jami'a

A ƙarshen watan Yunin kowace shekara ne ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, suke zama domin rabon matasan 'yan wasan da suka fito daga jami'o'in ƙasar da kuma ƙasashen waje.

Kowace ƙungiya kan zo da jerin sunayen da ta shafe watanni tana tankaɗe da rairaya a kansu, domin yaro guda da aka zaɓa daidai kan iya ɗaukaka ƙungiya har tsawon shekaru goma, wanda aka zaɓa bisa kuskure kuma ya jefa ta cikin dogon koma baya.

A tarihin wannan zaɓe da wuya a sami wanda ya yi suna kamar Arnold Jacob Auerbach, wanda aka fi sani da Red Auerbach. Ya yi shekaru 56 yana aiki da ƙungiyar Boston Celtics, kuma a hannunsa ta ci kofin gasar sau 16, tara yana mai horar da 'yan wasa, bakwai kuma yana jami'in gudanarwa.

Galibin 'yan wasan da suka ciwo waɗannan kofuna shi ne ya zaƙulo su daga jami'a, sau da yawa bayan wasu ƙungiyoyin sun gan su sun kau da kai.

Tasowarsa

An haifi Auerbach ne a ranar 20 ga watan Satumba na 1917 a unguwar Williamsburg ta yankin Brooklyn da ke birnin New York. Mahaifinsa, Hyman, Bayahude ne da ya yi ƙaura daga birnin Minsk, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, ya kuma riƙe sana'ar wanki da guga. Jan gashin yaron ne ya jawo masa laƙabin Red, wato ja a harshen Ingilishi.

Ya fara wasan ƙwallon kwando a makarantar sakandare, daga nan ya sami shiga Jami'ar George Washington da ke birnin Washington, inda ya yi digirin farko a 1940 da na biyu a 1941.

A wannan jami'a ce ya haɗu da malamin da ya fi tasiri a kansa, koci Bill Reinhart. Shi ne ya koya masa salon farmakin gaggawa, wanda a cikinsa da zarar ƙungiya ta ƙwace ƙwallo sai ta ruga zuwa kwandon abokan hamayya kafin su koma su ja daga. Auerbach bai rabu da wannan salo ba har ƙarshen aikinsa.

Bayan ya koyar a makarantun sakandare na Washington, ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka kafa sabuwar gasar ƙwararru a 1946, wadda daga baya ta zama NBA, sai aka ba shi horar da ƙungiyar Washington Capitols yana da shekaru 28. A kakar farko ƙungiyar ta ci wasanni 49 daga cikin 60, a 1949 kuma ta kai wasan ƙarshe, inda Minneapolis Lakers ta doke ta.

Daga nan ya yi kaka guda a ƙungiyar Tri-Cities Blackhawks, amma ya ajiye aikin bayan mai ƙungiyar, Ben Kerner, ya sayar da wani ɗan wasa ba da amincewarsa ba. A 1950 mai ƙungiyar Celtics, Walter Brown, ya ɗauke shi aiki, ya kuma sakar masa mara kan batun zaɓen 'yan wasa.

Yadda zaɓen yake

An fara zaɓen sabbin 'yan wasa ne a 1947, kuma manufarsa ita ce hana ƙungiyoyi masu kuɗi kwashe duk gwanayen da ke fitowa daga jami'a. A farkon tsarin, ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a kakar da ta gabata ita ce ke fara zaɓe, wadda ta ci kofi kuma ta zo a ƙarshe. Wadda ta zaɓi yaro ita kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi, sai dai tana iya musayar gurbinta na zaɓe da wata ƙungiyar a karɓi 'yan wasa ko wani gurbin.

A wancan zamani ba a zaɓen ɗalibi sai ajinsa ya cika shekaru huɗu da barin sakandare. Akwai kuma wata doka, wadda aka daina aiki da ita a tsakiyar shekarun 1960, da ta ba ƙungiya damar sadaukar da gurbinta na zagayen farko domin ta ɗauki ɗan wata jami'a da ke kusa da garinta.

Wahalar aikin ita ce, wasan jami'a daban yake da na ƙwararru. Yaron da ya saba tara maki a kan sa'o'insa zai tarar da manyan maza da suka fi shi tsawo da ƙarfi, da wasanni da dama a mako, da doguwar tafiya. Aikin mai tantancewa shi ne ya hango abin da yaron zai zama bayan shekaru uku ko biyar.

A shekarun farko Auerbach ba shi da mataimaki, ba shi kuma da ma'aikatan da ke bin jami'o'i suna kallon wasa. Shi ne koci, shi ne manaja, shi ne mai shirya tafiye-tafiye. Abin da ya dogara da shi shi ne wayar tarho da kuma mutanen da ya amince da ganinsu, galibi tsofaffin 'yan wasansa da kociyoyin jami'a.

Zaɓen 1950

Zaɓensa na farko a Boston ya zo da kuskure da kuma abin tarihi a rana guda.

Celtics ce ke da gurbin farko a shekarar, kuma mutanen Boston sun sa rai za a ɗauki Bob Cousy, tauraron kwalejin Holy Cross da ke jiharsu ta Massachusetts. Auerbach yana ganin wasan Cousy ya cika burga, don haka ya zaɓi wani dogo mai suna Charlie Share, wanda bai taɓa buga wa Boston ko wasa ɗaya ba.

Sa'a ce ta gyara masa wannan kuskure. Cousy ya faɗa hannun ƙungiyar Chicago Stags, wadda ta rushe kafin a fara kaka. Da aka rasa yadda za a raba manyan 'yan wasanta uku, sai aka jefa sunayensu cikin hula aka yi ƙuri'a, Walter Brown ya zaro sunan Cousy. Wanda aka ƙi ɗin nan ya yi shekaru takwas a jere yana kan gaba a gasar wajen miƙa ƙwallon da ake jefawa a kwando, ya kuma ci kofi shida da Boston.

A zagaye na biyu na wannan zaɓe kuwa, Celtics ta ɗauki Chuck Cooper na Jami'ar Duquesne, wanda ya zama baƙar fata na farko da wata ƙungiyar NBA ta zaɓa. A lokacin dokokin wariyar launin fata na aiki a jihohin kudancin Amurka, kuma babu baƙar fata ko ɗaya da ya taɓa buga wasa a gasar.

A 1953 Auerbach ya fara nuna wata baiwar da ta zame masa makami, wato karatun doka. An dakatar da ƙungiyar Jami'ar Kentucky na kaka guda saboda wata badaƙala, lamarin da ya sa manyan 'yan wasanta suka cika shekarun da doka ta tanada alhali suna da sauran shekara guda ta wasa a jami'a. Auerbach ya zaɓi uku daga cikinsu, har da Frank Ramsey da Cliff Hagan, ya kuma zauna ya jira su.

Cinikin Bill Russell

Daga 1950 zuwa 1956 Boston na cikin ƙungiyoyin da suka fi tara maki, amma ko sau ɗaya ba ta kai wasan ƙarshe ba. Auerbach ya gane inda gizo ke saƙar. Farmakin gaggawa ba ya yiwuwa sai ƙwallo na hannu, kuma Boston ba ta da dogon da zai riƙa cafe ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, ya cilla wa Cousy.

Tsohon malaminsa Reinhart ne ya fara ba shi labarin wani ɗalibin Jami'ar San Francisco mai suna Bill Russell. Russell ya jagoranci jami'arsa ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956, amma ra'ayin masu tantancewa ya rabu a kansa, saboda bai iya jifa daga nesa ba, kuma a lokacin da yawan maki ake auna dogon ɗan wasa. Bugu da ƙari, ya ƙudurta zuwa gasar Olympics ta Melbourne, wanda ke nufin ba zai fara wasa ba sai a watan Disamba.

Abin da Auerbach ya gani a jikinsa shi ne tsalle da saurin ƙafa, da iya doke ƙwallon abokin hamayya tun tana sama ta yadda za ta faɗa hannun ɗan ƙungiyarsu.

Matsalar ita ce gurbin Boston na can baya. Ƙungiyar Rochester Royals mai gurbin farko ta riga ta mallaki dogo gwani, Maurice Stokes, don haka ta ɗauki Sihugo Green. Gurbi na biyu na hannun St. Louis Hawks ne, ƙungiyar tsohon maigidansa Ben Kerner, wadda ta sauya suna da gari.

Kerner ya tsuga farashi. Ya nemi Ed Macauley, wanda ke cikin manyan taurarin Boston kuma ɗan asalin St. Louis ne, sa'annan ya ƙara da Cliff Hagan. Auerbach ya amince ya ba da sanannen gwani da wani matashi mai tasowa, a kan yaron da bai taɓa buga wasan ƙwararru ba.

A wannan zaɓe dai ya yi amfani da dokar maƙwabtaka ya ɗauki Tom Heinsohn na Holy Cross, a zagaye na biyu kuma ya ɗauki K.C. Jones, abokin wasan Russell a jami'a. Dukkansu uku sun shiga zauren girmama gwarazan wasan da ke Springfield.

A 1957 Boston ta ci kofinta na farko, kuma St. Louis ɗin ce ta doke da ci 125 da 123 a wasa na bakwai, bayan ƙarin lokaci har sau biyu. St. Louis ta rama a 1958 tare da Macauley da Hagan, lokacin da Russell ke fama da rauni a idon sawu. Daga 1959 zuwa 1966 kuwa Boston ta ci kofin sau takwas a jere, abin da babu wata ƙungiya a manyan gasannin Amurka da ta sake yi. Russell ya yi kaka 13, ya ci kofi 11.

Abin da yake dubawa

Nasara na zuwa da nata haraji a wannan tsari, domin mai kofi ita ke zaɓe a ƙarshe. Kusan shekaru goma Auerbach ya yi yana tsintar abin da wasu suka bari, kuma a nan ne hanyarsa ta fi fitowa fili.

A 1957 ya ɗauki Sam Jones daga wata ƙaramar kwalejin baƙaƙen fata a jihar North Carolina ba tare da ya taɓa ganin wasansa ba. Maganar tsohon ɗan wasansa, Bones McKinney, ita ce kawai hujjarsa. Sam Jones ya ci kofi goma.

A 1962 ya ɗauki John Havlicek na Jami'ar Ohio State, wanda hasken abokin wasansa Jerry Lucas ya rufe shi a jami'a, aka fi saninsa da tsaron gida da rashin gajiya. Har yau Havlicek ne ya fi kowa tara wa Celtics maki, da 26,395.

Idan aka jera sunayen za a ga abin da ya haɗa su. Russell da K.C. Jones da Ramsey da Havlicek duk sun ci kofin jami'o'i kafin su zo Boston, wato sun saba da wasan da ake gudu tare a tsira tare. Auerbach kan tambayi halin yaro da yadda yake karɓar gyara kafin ya tambayi yawan makinsa, kuma an san shi da ƙin yanke albashi bisa alƙaluman maki. A duk shekarun da ya yi yana horar da Boston babu ɗan wasanta da ya zo na ɗaya a gasar wajen tara maki.

Kowane yaro yakan ɗauke shi ne domin wani gurbi da ya riga ya tanada. Ramsey, daga baya kuma Havlicek, sun yi suna a matsayin ɗan wasa na shida, wato gwanin da ake ajiyewa a benci a sako shi lokacin da abokan hamayya suka fara gajiya.

Launin fata bai shiga lissafinsa ba, a garin da shi kansa Russell ya sha fama da wariya har aka taɓa fasa gidansa aka yi masa ɓarna. A ranar 26 ga watan Disamba na 1964 Auerbach ya fara wasa da baƙaƙen fata biyar, karo na farko a tarihin gasar. Da ya ajiye aikin horarwa a 1966 yana da shekaru 48, bayan ya ci wasanni 938, Russell ya miƙa wa ragamar, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya horar da wata ƙungiyar NBA.

Sai dai ba kowa ke ƙaunarsa ba. Mutum ne mai zafin rai da yawan faɗa da alƙalan wasa, an kuma sha cin tararsa, har da lokacin da ya naushi Ben Kerner a gefen fili ana cikin wasannin ƙarshe na 1957. Ɗabi'arsa ta kunna ƙatuwar taba sigari a kan benci da zarar ya tabbatar ƙungiyarsa ta yi nasara, tun ba a tashi wasa ba, ta riƙa ƙona ran abokan hamayya.

Sake gini har sau biyu

Bayan Russell ya yi ritaya a 1969, an ɗauka zamanin Boston ya wuce. A wannan shekara Auerbach ya ɗauki Jo Jo White na Jami'ar Kansas a gurbi na tara, bayan wasu ƙungiyoyin sun ja da baya saboda ana tsammanin aikin soja zai riƙe shi.

A 1970 ya ɗauki Dave Cowens na Jami'ar Florida State a gurbi na huɗu. Tsawon Cowens ƙafa 6 ne da inci 9, abin da ake gani ya yi kaɗan ga mai tsaron gindin kwando, amma yana da gudu da naci. An zaɓe shi gwarzon gasar a 1973, Boston kuma ta ci kofi a 1974 da 1976.

Zaɓen da aka fi tunawa da shi shi ne na 1978. Larry Bird na Jami'ar Indiana State yana da sauran shekara guda ta wasa, amma da yake ya fara shiga wata jami'ar tun 1974 kafin ya bar ta, doka ta ba da damar a zaɓe shi. Kowa ya san gwanintarsa, sai dai ya nuna zai koma ya kammala karatu, kuma duk ƙungiyar da ta zaɓe shi za ta yi asarar haƙƙinta idan ba ta ƙulla yarjejeniya da shi ba kafin zaɓen shekara mai zuwa.

An zaɓi mutum biyar kafin a zo kan Boston. Auerbach ya kira sunan Bird a gurbi na shida, kamar yadda ya yi da 'yan Kentucky shekaru 25 da suka gabata.

Jiran ya yi ɗaci. A kakar da ta biyo baya Boston ta ci wasanni 29 kacal daga cikin 82, yayin da Bird ya kai jami'arsa wasan ƙarshe na 1979, inda Michigan State ta Magic Johnson ta doke su, farashinsa kuma ya ƙara tashi. A watan Yunin 1979 ya sa hannu kan yarjejeniyar shekaru biyar ta dala miliyan 3.25, mafi tsoka da aka taɓa bai wa sabon ɗan wasa a lokacin. A kakarsa ta farko Boston ta ci wasanni 61. Hukumar gasar ta sauya dokar domin kada a sake zaɓen wanda zai koma jami'a.

A 1980 gurbin farko ya faɗo hannun Boston ta hanyar wata musaya da Detroit. Mafi yawan masu tantancewa sun karkata ga Joe Barry Carroll na Jami'ar Purdue. Auerbach da kocinsa Bill Fitch suka miƙa gurbin farko da na 13 ga ƙungiyar Golden State, suka karɓi Robert Parish da gurbi na uku, wanda da shi suka ɗauki Kevin McHale na Jami'ar Minnesota. Carroll ya yi wasa mai kyau daidai gwargwado, amma Bird da McHale da Parish sun ciwo kofi a 1981 da 1984 da 1986.

Len Bias

A watan Yunin 1986 Boston ta ci kofinta na 16 bayan ta doke Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriya haifaffen Legas, wanda shi ne aka fara zaɓa a 1984, gaban Sam Bowie da Michael Jordan.

Duk da kasancewarta mai kofi, Boston na riƙe da gurbi na biyu a zaɓen wannan shekara. Tun 1984 Auerbach ya ba ƙungiyar Seattle ɗan wasansa Gerald Henderson ya karɓi gurbinta na 1986, Seattle kuma ta yi rashin nasara a kakar.

Wanda yake hari shi ne Len Bias na Jami'ar Maryland, wanda sau biyu a jere aka zaɓa gwarzon rukunin jami'o'in da ya haɗa da North Carolina da Duke. Ba kamar Russell ko Sam Jones ba, wannan yaro Auerbach ya san shi ido da ido. Gidansa na Washington, kusa da jami'ar, ya sha kallon wasansa, kuma Bias ya yi aiki a sansanin horar da yara da Auerbach ke shiryawa a lokacin hutu. Shirin shi ne Bias ya rage wa Bird da McHale nauyi, daga baya ya gaje su.

An zaɓe shi a ranar 17 ga watan Yuni a New York. Da asubahin ranar 19 ga wata ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'ar, ya kuma mutu yana da shekaru 22. Binciken likitoci ya nuna hodar iblis ce ta tsayar da zuciyarsa.

A taron makokin da dubban mutane suka halarta a filin wasan jami'ar, Auerbach ya bayyana cewa shekaru uku ya yi yana shirin ɗaukar yaron. Daga baya ƙungiyar ta miƙa wa mahaifiyarsa riga mai lamba 30 da bai taɓa buga wasa da ita ba.

Ba Boston kaɗai wannan zaɓe ya yaudara ba. Chris Washburn da aka ɗauka na uku da Roy Tarpley da aka ɗauka na bakwai duk an haramta musu wasa daga baya saboda miyagun ƙwayoyi, alhali Mark Price da Dennis Rodman, waɗanda suka zama taurari, sai a zagaye na biyu aka kira sunayensu.

Mutuwar Bias ta wuce filin wasa. Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Tip O'Neill, ɗan yankin Boston ne, kuma cikin watanni huɗu majalisar ta zartar da wata tsattsaurar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a watan Oktoba na 1986. An daɗe ana sukar dokar da cewa ta fi cika gidajen yari da baƙaƙen fata, har aka sassauta ta a 2010.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1987 Boston ta ɗauki Reggie Lewis na Jami'ar Northeastern a gurbi na 22, ya kuma tashi har ya zama kyaftin bayan ciwon baya ya tilasta wa Bird yin ritaya a 1992. A watan Yulin 1993 shi ma ya faɗi yana atisaye, ya mutu sakamakon ciwon zuciya yana da shekaru 27.

Ƙungiyar ba ta farfaɗo da wuri ba. Sana'ar tantancewa ma ta sauya, domin kowace ƙungiya ta ɗauki ma'aikata masu bin jami'o'i da ƙasashen waje, faifan bidiyo kuma ya sa da wuya a ɓoye gwani a wata ƙaramar makaranta. Tun 1985 aka fara raba manyan gurabe ta hanyar ƙuri'a. A 1997 Boston ta fi kowa damar samun gurbin farko, amma ƙuri'ar ta faɗa wa San Antonio, wadda ta ɗauki Tim Duncan ta ci kofi biyar da shi.

A wannan shekara aka karɓe muƙamin shugaban ƙungiyar daga hannun Auerbach aka bai wa sabon koci Rick Pitino, sai a 2001 aka mayar masa.

A yau akan tara matasan a birnin Chicago kafin zaɓe, a auna tsawonsu da faɗin hannuwansu da tsallensu, likitoci su duba zuciya da gwiwa, a yi musu tambayoyi kan halayensu, kwamfuta kuma ta tace alƙaluman wasanninsu. Duk da haka kusan babu shekarar da wani da aka ɗauka a sahun gaba ba ya gazawa, wani da aka bari a baya kuma ya yi fice. Nikola Jokic, wanda aka zaɓa gwarzon gasar sau uku, a gurbi na 41 aka ɗauke shi a 2014.

Red Auerbach ya mutu a birnin Washington ranar 28 ga watan Oktoba na 2006 sakamakon bugun zuciya, yana da shekaru 89, kwanaki kaɗan bayan an karrama shi a matsayin tsohon sojan ruwa. Matarsa Dorothy, wadda ya aura a 1941, ta riga shi mutuwa a shekara ta 2000. Ya bar 'ya'ya mata biyu.

Kyautar da ake bai wa gwarzon kocin NBA a kowace shekara na ɗauke da sunansa, kuma tun 1985 aka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar birnin Boston, yana zaune a kan benci da taba sigari a hannu. Bai ga kofin Celtics na 17 ba, wanda ta ci a 2008, shekaru 22 bayan mutuwar Len Bias. Na 18 ya zo ne a 2024, ƙarƙashin jagorancin Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda ƙungiyar ta zaɓo daga jami'a a 2016 da 2017, kowannensu a gurbi na uku.